Buhu Biyar Da Kaka, Buhu Biyar Da Damina: Yadda Ake Karanta Talaucin Ƙauye

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Gujungu ko ta Maigatari ya san manomi ɗaya da fuska biyu. A watan Nuwamba zai shigo da amalanke ɗauke da gero da wake, dillalai suna yi masa tayin raini saboda kowa ya kawo. A watan Yuli shi ne dai zai dawo da kuɗin ƙwadago a ƙulle, yana awon tiya biyu, wani lokaci ma a hannun wanda ya sayar wa. Hatsin bai canza ba, mutumin bai canza ba, wata ne kawai ya canza. Masu nazarin tattalin arzikin ƙasashe matalauta sun daɗe suna gardama kan jari da masana'antu da bashin ƙasa, amma wanda yake so ya fahimci talaucin ƙauyen Kano ko Jigawa, daga waɗannan zuwa kasuwa biyu ya kamata ya fara. Talaucin karkara lissafin wata-wata ne, alƙaluman shekara kuwa suna rufe shi.

Mu ɗauki alƙaluman hukuma tukuna, don a san abin da suke aunawa. A binciken 2018 zuwa 2019, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa layin talauci a kan Naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, wato kusan Naira 376 a rana da kuɗin wancan lokaci. Ta samu kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya a ƙasan layin, mutum kusan miliyan 83, ban da Borno da ba a iya kammala aikin ba. A karkara kashi 52, a birane kashi 18. Jigawa ta tashi da kashi 87, Kano 55, Legas ba ta kai 5 ba. A 2022 hukumar ta fito da wani ma'aunin da ba kuɗi kaɗai yake dubawa ba, har da ruwan sha da makaranta da asibiti da makamashin girki, sai adadin ya zama kashi 63, mutum miliyan 133. Ba saɓani ba ne, abu biyu ake aunawa. Shi kuma Bankin Duniya yana da nasa layin na kwatanta ƙasashe, wanda ya tashi daga Dala 1.90 ga mutum ɗaya a rana zuwa 2.15 a 2022, sannan Dala 3 a 2025. Wannan dalar ba ta 'yan canji ba ce, an daidaita ta ne da abin da kuɗi ke iya saya a kowace ƙasa, saboda haka wanda ya ninka ta da farashin Wapa ya yi kuskure tun daga tushe.

Wajen auna talauci ba a tambayar manomi nawa yake samu, don shi kansa ba ya rubutawa, kuma ba al'adarmu ba ce mutum ya ƙirga wa baƙo dukiyarsa. Abin da gida ya ci ake tambaya. A kwana bakwai da suka wuce, gero nawa aka daka, daga rumbu ko daga kasuwa ko kyauta, man gyaɗa nawa, daddawa, itace. Abin da aka ɗebo daga rumbu sai a yi masa kuɗi da farashin kasuwar kusa, a haɗa da kuɗin magani da sutura da makaranta, a raba da yawan masu ci. A kowane mataki akwai rami. Tiya ba ɗaya ba ce daga kasuwa zuwa kasuwa, dami kuwa ya danganta da hannun da ya ɗaure shi, saboda haka mai tattara bayanai da bai ɗora ma'aunin garin a sikeli ba, zato yake rubutawa. Gida mai mutum 30 zai iya zama tukunya huɗu, kuma tukunya ake ƙirgawa, ba zaure ba. Maigida bai san ribar ƙuli-ƙulin matarsa ba, bai san zubin adashinta ba, kuma namiji baƙo ba ya wuce zaure, ke nan binciken da babu mace a cikin ma'aikatansa rabin gida ya gani. Tsawon kwanakin da ake tambaya ma yana juya sakamako: a Indiya, da aka gwada rage tambayar abinci daga kwana 30 zuwa kwana 7, adadin matalauta a takarda ya sauka kusan rabi, alhali babu wanda ya ƙara loma. Sai kuma babban ramin, wato watan da aka je. Gidan da aka ziyarta a Disamba da wanda aka ziyarta a Agusta kamar ƙasa biyu ne, haka ma watan azumi da makon Sallah. Shi ya sa binciken gidaje da hukumar ke maimaitawa tun 2010 yake zuwa sau biyu, bayan shuka da bayan girbi.

To, mu shiga rumbun. Ga magidanci mai mutum tara, ya noma gero da dawa buhu 16, kowane buhu tiya 40, jimilla tiya 640. Ya fitar da zakka kashi ɗaya cikin goma tunda noman damina ne, tiya 64, ya ware iri tiya 16. Saura buhu 14. Gidan na cin tiya ɗaya da rabi a rana, wato buhu 14 ɗin zai kai shi shekara cif. A takarda wannan mutum ba ya yunwa. Amma da kaka akwai bashin taki da aka karɓa a kan za a biya bayan girbi, akwai auren 'ya da aka ɗage har hatsi ya shigo, akwai rufin ɗaki da damina ta cinye. Ya sayar da buhu biyar. Buhu tara da suka rage tiya 360 ne, kwana 240. In an fara ci a farkon Oktoba, ƙarshen Mayu rumbu ya yi ƙasa. Daga nan zuwa sabon gero kusan kwana 120 ne, buhu huɗu da rabi da dole a saya. A misali, a ce ya sayar a kan Naira 40,000 buhu, ya dawo ya saya a kan 60,000. Abin da ya karɓi 180,000 a kansa ya mayar da shi a kan 270,000. Ya ci bashi daga kasuwa ke nan da ƙarin rabin uwar kuɗi cikin wata takwas, ba tare da ya sa hannu a takarda ba, kuma babu malamin da zai ce masa ya ci riba ko an ci da shi.

Asarar ba ta tsaya a Naira 90,000 ba, kuma nan ne gaɓar da ta fi muhimmanci. Kuɗin awon daga ina zai fito a watan Yuni da Yuli? Daga ƙwadago a gonar mai hali. Lokacin kuwa shi ne na noman fari, makonnin da ciyawa ke rige-rigen ruwa da taki da shuka. Wanda ya yi kwana goma a gonar wani, tasa gonar ta jira shi kwana goma, kuma geron da ciyawa ta shaƙe yana ƙarami ba ya murmurewa duka ko an yi masa maimai. Badi buhu 13 zai samu maimakon 16, sai sayarwar kaka ta fi ciwo, rumbu ya ƙare tun Afrilu, a kai ga jinginar da gona. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa a shekarun 1960 sannan a Dorayi kusa da birnin Kano a farkon shekarun 1970, ta nuna cewa mafi talauci a ƙauye ba lallai marasa gona ba ne, mutane ne da talauci ya hana su noma gonar da suke da ita. Bahaushe ya riga ya faɗa a taƙaice: sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙara da cewa zazzaɓin cizon sauro yana tsananta a Agusta da Satumba, daidai lokacin da abinci ya ƙare, aiki ya yi yawa, kuɗi babu. Yaron da ya sha wannan haɗuwa sau biyu ko uku kafin ya cika shekara biyu, tsumburewar da ya yi ba ta gyaruwa da tuwon kaka, kuma binciken lafiya na 2018 ya samu fiye da rabin ƙananan yaran Kano da na Jigawa a tsumbure.

An gwada maganin wannan kai tsaye a yammacin Kenya. An ba manoman masara rance da kaka, ba da shuka ba, don su biya buƙatunsu su bar hatsin a ajiye. Waɗanda suka samu sun sayar a makare, sun rage saye da tsada, ribar ta kusa kashi 30 cikin 100 na abin da aka ranta. Sai dai a yankunan da aka ba mutane da yawa rancen, farashin kaka ya ɗaga saboda hatsi bai cika kasuwa ba, tazarar ta ragu, ribar masu rancen ta ja baya, maƙwabtansu da ba su karɓi komai ba suka amfana. Darasi ne mai kyau ga mai nazari: abin da ya yi wa mutum ɗaya riba ba lallai ya yi wa gari duka riba iri ɗaya ba. Kuma ajiya ba ta da tabbas. Wake in ba a kula ba ƙwari sun gama da shi cikin wata biyu zuwa uku, sai dai a sa shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki: a busar da waken sosai, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako nesa da ɓera, kada a riƙa buɗewa, don rashin iska ne ke kashe ƙwarin, huda ɗaya ta ɓata aikin. Farashi ma ba kowace shekara yake bin al'ada ba. Waɗanda suka sayi hatsi da tsada suka ɓoye a ƙarshen 2024 sun ga yadda ya faɗi a 2025, bayan gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci. Mai buhu ɗari zai iya shanye irin wannan shekara, mai buhu biyar ba zai iya ba.

Wannan ya kawo mu tambayar da jami'an gona suka fi yi da ɓacin rai: me ya sa manomi ba ya zuba taki yadda aka ce? Shawarar da aka saba bayarwa ga masara ita ce kusan buhu takwas na kamfa da kusan uku na yuriya a hekta ɗaya. Kafin a zargi manomi da jahilci, a yi masa lissafi. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da sinadarin naitirojin kilo 23. Idan kowane kilo ya ƙaro kilo 10 na hatsi, buhun ya haifi kilo 230. A ce buhun takin Naira 40,000 ne, hatsi kuma Naira 400 kilo da kaka, an samu 92,000, fiye da ninki biyu. Idan kilo 5 ya ƙaro, 46,000 ne, kuɗin mota da na zubawa sun cinye ragowar. Ƙa'idar masana ita ce sai ribar ta ninka kuɗin takin sau biyu kafin a sa ran manomi ya saya da son ransa, saboda sauran rabin kuɗin kasada ne. Abin da ke sa taki ya ƙi amsawa kuwa sananne ne. Ƙasar jigawa mai rairayi da ta daɗe ba ta ga takin dabbobi ba, ba ta riƙe ruwa balle sinadari, ruwa mai ƙarfi ɗaya ya wanke shi ƙasa. Yuriyar da aka watsa a sama ba a binne ba, rana na kwashe wani kaso. Gonar da wuta-wuta ta kama, ita ake ciyarwa. Takin rabo da ya iso a Agusta kuma, ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka masu bincike na cibiyar ICRISAT a Nijar suka koma ga ɗan kaɗan a wurin da ya dace: kimanin giram 6 na kamfa, cikin murfin kwalbar lemo, a kowane ramin gero lokacin shuka. Hekta mai rami 10,000 kilo 60 za ta ci, buhu ɗaya da ɗan ɗori. A Kenya kuma Esther Duflo da Michael Kremer da wani abokin aikinsu sun gano cewa idan aka kawo wa manomi tayin sayen taki nan take bayan girbi, lokacin da kuɗi ke hannunsa, a kai masa gida ba tare da kuɗin dako ba, masu amfani da shi suna ƙaruwa sosai. Nan ma maganar wata ce, ba ta wayar da kai ba.

Masanin tattalin arziki Theodore Schultz ya faɗa tun 1964 cewa ƙaramin manomi talaka ne amma ba wawa ba, yana juya ɗan abin da ke hannunsa daidai gwargwado. Gonar da aka haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya, wadda turawan mulki suka ɗauka rashin tsari ce, binciken cibiyar nazarin aikin gona ta Samaru da ke Zariya ya nuna dabara ce ta raba kasada da raba aiki: gero ya zo da wuri ya kashe yunwa, dawa ta jure tsayawar ruwa, wake ya ba da kuɗi da harawa. Christopher Udry ya bi basussukan ƙauyuka huɗu kusa da Zariya a 1988 da 1989, ya tarar yawancinsu tsakanin mutanen da suka san juna ne, babu takarda babu jingina, kuma abin da ake biya yana bin halin da aka shiga: idan gonar mai karɓa ta lalace ya biya kaɗan ko a ɗaga masa, idan mai bayarwa ne masifa ta samu a biya shi da ƙari. Inshora ce da rigar bashi. Rauninta ɗaya, tana aiki ne in masifar ta mutum ɗaya ce. Ranar da ambaliya ta kwashe Auyo da Kafin Hausa da Ringim lokaci guda, kamar a 2022, mai ba da rance shi ma yana kan tudu da tabarmarsa. Kowa ya kai akuya kasuwa rana ɗaya, farashinta ya faɗi, na hatsi ya tashi, akuyar da ke sayen tiya 30 ta koma sayen 15. Abin da Amartya Sen ya bayyana ke nan a 1981: ana iya mutuwa da yunwa hatsi na jibge a kasuwa, in abin da mutum ke musanyawa da shi ya rasa daraja. A arewacin Gana an raba wa wasu manoma tsabar kuɗi, wasu kuma inshorar ruwan sama, sai masu inshorar suka fi faɗaɗa gona da sayen kayan noma, alamar tsoron asara ya fi rashin jari ɗaure musu hannu. Irin wannan inshora tana da nata aibin, don da ma'aunin ruwan wata tasha ake biya, kuma kowa ya san ana iya yin ruwa a Gumel a tsallake ƙauyen da ke kilomita goma. Ga kuma buƙatar a gina ta bisa tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, kafin mutanenmu su karɓa.

Yaya aka san waɗannan sakamako ba labarin masu neman tallafi ba ne? Idan aka kwatanta waɗanda suka karɓi rance da waɗanda ba su karɓa ba, aka ga na farko sun fi wadata, ba a gano komai ba, don da ma mai kuzari da mai hanya a wurin dagaci su ke fara karɓa. Shi ya sa ake kaɗa ƙuri'a: a jera sunaye, ƙuri'a ta raba su gida biyu, a ba ɗaya a bar ɗaya, a dawo bayan shekara ɗaya ko uku a auna. Wannan hanya ce ta ba Abhijit Banerjee da Duflo da Kremer kyautar Nobel a 2019. A ƙauyen Hausa tana da wahalarta. Kwanon tuwo yana tsallake katanga, wanda aka ba buhun taki zai ɗiba wa ƙaninsa da ƙuri'a ta bari, sai bambancin ya dushe. Dole a kaɗa ƙuri'ar tsakanin ƙauyuka, ba tsakanin gidaje ba, wanda ke nufin ƙauyuka da dama da kuɗi mai yawa. In an dawo auna sakamako a Fabrairu, magidanta da yawa sun tafi cin rani, kuma waɗanda suka tafi ba irin waɗanda suka zauna ba ne. Ko gwajin ya yi kyau, faɗaɗa shi wani abu ne daban. A arewacin Bangaladesh an ba matalauta kuɗin mota da bai kai Dala 10 ba don su tafi birni neman aiki a lokacin yunwarsu, masu tafiya suka ƙaru, cin abincin gidajensu ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Da aka mayar da shi babban shiri, ba a sake ganin tasirin ba, aka rufe shi a 2019.

Gwaje-gwajen sun kuma rage wa ƙananan rance kwarjini. Bayan duk yabon da bankin Grameen na Bangaladesh, mai ba talakawa ƙananan rance, ya sha, bincike a ƙasashe shida da aka wallafa a 2015 ya nuna rancen yana taimaka wa mai sana'ar da ta riga ta kafu, amma bai fitar da yawancin masu karɓa daga talauci ba. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san noma: rancen da ake fara biya mako-mako bai dace da gero mai wata uku ko ragon da ake turkewa don layya ba. Abin da ya fi tasiri ga mafi talauci shi ne tsarin da ƙungiyar BRAC ta Bangaladesh ta faro: a ba gida kadara kamar awaki ko saniya, a haɗa da ɗan kuɗin cefane na wasu watanni don kada a sayar da ita, da horo, da ziyara a kai a kai, da asusun ajiya. An gwada a Habasha da Gana da Indiya da Fakistan da Peru da Honduras, ribar ta ɗore a biyar. A Honduras kaji aka raba, cuta ta kashe yawancinsu. Duk mai shirin rabon awaki ko kaji a Birniwa ko Ɓaɓura ba tare da allurar riga-kafi da tanadin harawar bazara ba, wannan labari nasa ne. Hikimar tsarin ita ce wasu kadarori ba sa rabuwa. Rabin injin ban ruwa ba ya ɗaga ruwa, kuma Naira 20,000 da aka ba kowane ɗaya cikin mutum dubu a filin taro cefanen mako guda ne, ba jari ba.

Duk wannan gyaran rayuwa ne a cikin ƙauye. Fitar al'umma gaba ɗaya daga talauci kuwa sai tattalin arziki ya bunƙasa, kuma lissafinsa ba shi da tausayi. A raba 70 da saurin ƙaruwar abin da mutum ɗaya ke samu, a ga shekarun da zai ɗauka ya ninka. Ƙasar da arzikinta ke ƙaruwa da kashi 3, jama'arta da kashi 2.5, rabon mutum ɗaya rabin kashi ne, shekara 140 ke nan. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Kuma ba kowace bunƙasa ke isa rumbu ba. A 2014 aka sabunta lissafin arzikin Nijeriya ya koma kusan Dala biliyan 510, ta wayi gari ta ɗaya a Afirka, babu tukunyar da ta ƙara tiya. Man fetur yana kawo kuɗin waje amma mutum kaɗan yake ɗauka aiki. Rahoton Bankin Duniya na 2008 ya ƙiyasta cewa bunƙasar da ta fito daga noma ta ninka ta sauran sassa aƙalla sau biyu wajen rage talauci, kuma Sin daga gona ta faro a 1978, da ta bar iyalai su noma rabonsu su riƙe rarar, kafin masana'antu su kwashe 'ya'yansu.

Ƙasar Kano ta taɓa ganin irin wannan. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, turawa na sa ran auduga, manoma suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, cikin shekara biyu ta cika tasha. Ba wanda ya yi musu taron wayar da kai, hanya da mai saye suka samu. Abin da ya rusa dalar gyaɗa shi ma darasi ne: hukumar saye da ke biyan manomi ƙasa da farashin duniya, farin farkon shekarun 1970, cutar da ta kama gyaɗa a 1975, da kuɗin mai da ya ƙarfafa Naira har kayan gona na fitarwa suka daina riba. Riɗi da zoɓon Jigawa da ke bi ta Dawanau zuwa tashar jiragen ruwa yanzu a kan wannan siraɗi suke. Ban ruwa ma sai an ƙirga shi da kogin duka. Madatsar Tiga ta 1974 ta mayar da Kura da Bunkure da Garun Malam ƙasar shinkafa da tumatir, aka ƙara ta Challawa a 1992, amma a fadamun Haɗeja zuwa Nguru ambaliyar da masunta da makiyaya da masu shinkafar fadama suka dogara da ita ta canza, kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Mai nazarin da ya tsaya a filayen ban ruwa na Kadawa riba kawai zai rubuta.

Arthur Lewis ya zana hanyar a 1954: rarar ma'aikatan gona su koma masana'anta inda aikin hannunsu ya fi daraja, har ƙauye ya fara ƙarancin hannu, lada ya tashi. A nan matasan suna fita, amma masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa da ya kamata su karɓe su yawancinsu sun rufe, sai acaɓa da ga-ruwa da gadi da turin baro, ayyukan da ba su fi fartanya samarwa da yawa ba. A gida kuma gado na yanka gona: hekta huɗu tsakanin 'ya'ya maza huɗu da mata huɗu, namiji bai samu ko kashi uku cikin huɗu na hekta ba, a yankin da binciken lafiya na 2018 ya sa matsakaicin haihuwa sama da shida ga mace ɗaya. Michael Mortimore ya nuna cewa karkarar da ke kewaye da birnin Kano ta ɗauki cunkoson jama'a shekaru aru-aru ba tare da ƙasa ta mutu ba, saboda taki da jakuna ke ɗaukowa da mangala, da kiwon turke, da itatuwan gona, da sana'ar rani. Amma wannan riƙe matsayi ne. Ya hana faɗuwa, bai sa an hau ba.

Ga ɗalibi ko jami'in ƙaramar hukuma da ba shi da kuɗin babban bincike, akwai ma'auni ɗaya da littafin rubutu da biro suka isa: ladan ƙwadagon yini ɗaya, tiya nawa na gero yake saya? A zaɓi kasuwa ɗaya, a auna tiyarta a sikeli sau ɗaya, a riƙa rubuta farashi kowace ranar kasuwa a wurin masu awo uku, ba farashin buhu ba, don talaka ba ya sayen buhu. A rubuta ladan noma daga safe zuwa azahar, a nuna ko da abinci ko babu, a ware na mata masu sussuka da roron wake daban. A raba ladan da farashin. Adadin watan Agusta shi ne abin dubawa, ba matsakaicin shekara ba. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, lokacin da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 a tsakiyar 2024, ladan ya tashi a Naira amma tiyar ta riga shi gudu, kuma wannan rabon ne kaɗai zai nuna tazarar. Sai a yi hattara da shekarar da ya ɗaga don samari sun watse haƙar zinariya ko wani aikin hanya ya kwashe su na wata shida. A irin wannan shekara sai an leƙa gonakin da aka bari ba a yi wa maimai ba kafin a rubuta cewa ƙauyen ya ci gaba.